Kada launi ya ruɗe ku wajen gane 'ya'yan kifi

Jama'a, idan kun kamo ƙananan kifaye a kogi ko tafki, kada ku dogara da launinsu, don yana canzawa da girma. Ku zuba su a kwalba mai ruwa, ku duba ta gefe cikin haske.

Mai gashin baki, marar ɓawo, dangin tarwaɗa ne. Nan mutane ke yawan kuskure wajen bambance tarwaɗa da ɗan'uwanta ramboshi. Tarwaɗa fiffiken bayanta guda ne dogo har kusa da wutsiya, na ramboshi kuwa biyu ne, na bayan tsoka ce zalla. Ɗan karfasa yakan zo da baƙin ɗigo a ƙarshen fiffiken baya.

Don Allah ku jiƙa hannu kafin ku taɓa su, fatarsu ba ta da ƙwari.