Yadda ake dakali da rumfa a tsakar gida ba tare da ruwa ya shiga ɗaki ba

Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗaki a Maraɗi a watan Afrilu ya san amfanin rumfa. Da rana zafi ya haura digiri 40, bango ya sha rana ya ƙoshi, da dare sai ya dinga amayo maka ita. Kowa sai ya ja tabarmarsa waje. Ni rumfa biyu na yi a gida ɗaya, ta farkon da kuɗina na sa aka fasa dakalinta.

Kafin ka kira magini, ka yi kwana biyu kana kallon gidanka. Ka fito da la'asar ka ga inda inuwa take sauka. Bakin rumfa kada ya kalli yamma, don ranar la'asar za ta biyo ka har kan tabarma. Kada kuma ya kalli gabas, daga can hadari yake taso mana, da ƙura da feshi. Kudu na fi so, saboda iskar damina ta wajen kudu maso yamma take kaɗowa. In gidan bai ba da kudu ba, a yi arewa. Ka kuma tambayi uwargida. Ita ta san inda hayaƙin murhu yake bi, da inda baƙon da ya leƙo daga zaure zai hango mata.

Girma kuwa, ka shimfiɗa tabarmin da kuke zama a kai, ka ajiye kujeru biyu da wurin sallah, ka zagaye da toka. Mita 3 a mita 4 ya ishi yawancin gidaje. Ƙasa da haka, wurin ajiye babur ka gina.

Yanzu ga inda mutane suke faɗuwa, ni ma nan na faɗi: tsayin dakali da gangararsa.

Maginina na farko da na ce a auna da tiyon ruwa, dariya ya yi, ya ce: "Haba Malam, shekarata ashirin ina wannan aiki, idona ya fi tiyo." Na yi shiru don ya girme ni. Dakali ya fito sumul, har maƙwabta suna shigowa kallo. Ruwan farko na watan Yuni bai nuna komai ba. Sai a Agusta, wani dare aka kwana ana yi, na farka na ji ƙafata cikin sanyi. Ashe dakalin ya karkata wajen ɗaki, kuma samansa ya yi daidai da dokin ƙofa. Duk ruwan da iska ta watso ƙarƙashin rumfar, ɗakina ya nufa. Katifa ta jiƙe, buhun geron da ke bayan ƙofa ya yi tsiro. Maraɗi, garin da ambaliyar 1945 ta tayar daga bakin gulbi zuwa kan tudu, bai kamata a koya wa 'ya'yansa tsoron ruwa ba, amma ga shi ni sai da aka koya mini.

Ga yadda za ka yi. Sayi farin tiyo siriri, irin wanda ake ganin ruwa a cikinsa, kamar mita 10. Cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya, don kumfa ɗaya tana iya sa ya yi maka ƙarya. Auna mita 1 daga dokin ƙofa zuwa sama, ka ja layi da gawayi a bango. Kafa turaku a kusurwoyin waje. Yaro ya riƙe baki ɗaya a kan layin gawayin, kai ka kai ɗaya bakin jikin turke, ka jira ruwan ya daina rawa, sannan ka yi alama. Daga waɗannan alamomin ne ake auna komai zuwa ƙasa, ba daga ƙasar tsakar gida ba, wadda dama ba daidai take ba.

Saman dakali a jikin bango ya zama ƙasa da dokin ƙofa da santimita 10. Daga bango zuwa bakin waje kuma ya dinga sauka santimita 2 a kowace mita, wato dakali mai faɗin mita 3 bakinsa ya yi ƙasa da santimita 6. Mai zama ba zai ji karkatar ba, kofin shayi ma ba zai zame ba, amma ruwa zai ji. Bayan haka ka bi ruwan da idonka: in ya sauka daga dakalin ina za shi? In bai sami hanya zuwa rariya ba, kududdufi ka haƙa wa sauro. Ka ɗaga kai kuma ka duba indararon soro. In yana zubowa inda rumfa za ta tsaya, a ƙara masa bututu tun yanzu.

Ƙasarmu yashi ce, saboda haka kada a zuba siminti kai tsaye. A cike da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, a ƙara, a sake daɓewa. Kwaɓin da nake yi: buhun siminti ɗaya na kilo 50, baro ɗaya da rabi na yashi, baro biyu na tsakuwa, kauri santimita 8 zuwa 10. Ka tsaya a wurin ka ƙirga buhunan da kanka, ban ce kowa ɓarawo ne ba. Simintin ko na kamfanin Malbaza ne ko wanda ya shigo daga Najeriya ta Ɗan Isa, duk ɗaya ne a wurina, muddin bai daskare a cikin buhu ba. A shafe saman da ɗan kaushi, mai santsi yana kayar da tsofaffi. Sannan a ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe da tsofaffin buhuna. Kafin ka biya magini cikon kuɗinsa, watsa bokitin ruwa a jikin bango a gabansa, ku kalli inda zai bi tare.

Ginshiƙai dai na ƙarfe za ka sa, gara ba ta barin katako. Azarar giginya ce take jure mata, ita kuwa samunta ya yi wuya, ga tsada. Rami santimita 60, a zuba kwaɓi, kuma a kafa su kafin a zuba dakali. Tsayi mita 3 a jikin bango, mita 2 da santimita 60 a gaba.

Rufi in kwano ne, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, in ba haka ba da azahar ba mai zama. A ɗaure shi da ƙarfe, kada a dogara da ƙusa kaɗai, don iskar farkon damina tana ɗauke rumfa ɗungurungum ta dire a gidan maƙwabci. Mai walda kuma, tun yana nan, ka sa ya liƙa maka ƙugiyoyi huɗu na rataye sange, da ɗaya a tsakiya don fitila.