Yadda za ka zaɓi hedifon mai kashe ƙara, ka kuma more shi a tafiya

Rugugin inji yana gajiyar da matafiyi fiye da yadda ake zato. Wanda ya kwana a babbar mota daga Kano zuwa Legas, ko ya sauka daga jirgin Jidda, sau da yawa yakan ji kansa ya yi nauyi, kunnensa na amsa kuwwa. Saboda irin wannan ƙara aka ƙera wannan hedifon. A jikinsa akwai ƙananan makirufo da ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ciki ta fitar da wani sauti kishiyarta, su haɗu su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Injiniya Amar Bose ya fara tunanin nasa samfurin a cikin jirgin sama a 1978, kamfaninsa ya fitar wa matuƙan jirgi a 1989, na fasinja kuma ya shigo kasuwa a 2000.

Mataki na farko, ka san abin da zai iya. Ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa ita ce yake dannewa sosai: injin jirgi, gurnanin bas, gudun jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, har janareton maƙwabci. Amma hon, kukan yaro da kiran kwandasta za su ragu ne kawai, ba za su ɓace ba.

Na biyu, karanta kwali da kyau, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Haruffan da kake nema su ne ANC, wato fasahar kashe ƙarar waje. Ƙananan iyafis masu araha da yawa an rubuta musu ENC da manyan baƙi, mai shago kuma ya rantse maka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Aikin ENC shi ne tace muryarka lokacin kira domin wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji ka tangaran. Kai kuwa da ke zaune a mota, ƙarar tana nan daram. Kada ka biya sai ka gwada. Ka sa shi a kunne ba tare da kunna komai ba, ka tsaya kusa da fanka ko janareton shagon, sannan ka danna maɓallin. Na gaske ne, nan take za ka ji kamar an rufe ƙofa tsakaninka da injin. Idan ba ka ji bambanci ba, ajiye musu kayansu.

Na uku, babba ko ƙarami? Mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi ƙarfin aiki da daɗewar caji. Sony WH-1000XM5 yakan kai awa 30. Shi ya dace da doguwar tafiya. Matsalarsa zafi: a watan Afrilu, cikin motar da ba sanyi, soson zai jiƙe sharkaf da gumi. Ƙananan na cusawa a kunne, irin AirPods Pro ko na Soundcore da Oraimo masu ANC, sukan yi awa 5 zuwa 8 kafin su koma akwatinsu, kuma a ganina su suka fi dacewa da mai zirga-zirgar aiki kullum.

Na huɗu, zaman sa a kunne. Mutane sun fi raina wannan mataki, alhali rabin aikin a nan yake. Ƙaramar kafa kaɗai ta isa ta shigo da ƙara. Ƙananan suna zuwa da robobi manya, matsakaita da ƙanana; gwada kowanne, kuma kada ka yi mamaki idan kunnen dama da na hagu suka bambanta. Babban kuwa, ƙafar tabarau mai kauri ko gefen hula kan ɗaga soson. 'Yar'uwa mai hijabi, idan kika ɗora shi a kan mayafi aikinsa zai ragu, ƙananan da za ki sa daga ciki sun fi miki.

Na biyar, rage sauti. Wannan ne babban amfanin na'urar. A mota mai ƙara, mutum yakan ƙure wayarsa don ya ji karatu ko labarai, kunne kuma yana lalacewa a hankali, jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako, kuma a bar sautin waya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Da an danne rugugin, za ka ga rabin sauti ma ya ishe ka. Idan ka ji kunnenka ya toshe ko jiri-jiri a farkon amfani, rage ƙarfin dannewar a manhajarsa.

Kafin hawa jirgi, cika caji, ka jefa wayar jona mai bakin milimita 3.5 a jakar hannu, don allon kujera a jirage da yawa ba ya karɓar Bluetooth. Fawa-banki ma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin awo ba.

Na ƙarshe, ka san inda ake kashe shi. A tasha ko filin jirgi, koma yanayin da ke shigo da sautin waje, kada a kira jirginka kana zaune. A Keke Napep iska tana dukan makirufon, sai ka ji huci ya fi ƙarar da kake gudu. In kana tuƙi, kana kan babur, ko za ka tsallaka titi, cire shi gaba ɗaya. A tafiyar dare kuma, ka bar kunne ɗaya a buɗe, domin ka ji in mota ta tsaya a inda bai kamata ba ko direba ya yi magana.