Sababbin zuwa, kafin ku buɗe laftof ku canza batir

Wata uku ke nan ina ganin yaranmu da suka zo karatu suna maimaita wautar da na yi, shi ya sa na ce bari dai in rubuta. Mu kam alhamdulillahi akwai ƙoƙari, ba ma son kai komai wurin mai gyara, amma gaggawar nan taku tana ba ni haushi wallahi.

Sayen batirin ba wuya. In Windows ce, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Duba lambar da ke jikin tsohon batirin, kar ka tsaya a sunan kwamfutar kawai, sannan volt ɗin ya zo ɗaya. In garanti bai ƙare ba kar ma ka taɓa sukuru, nemo rasit ka kai musu.

Cirewar ce ta ba ni wuya. Nawa ya kumbura har ya ɗago wurin da ake goga yatsa, na buɗe na tarar an manne shi da gam, na ɗauko wuƙar kicin na fara ɓanɓara, kuma a cike yake da caji, a kan kafet ɗin ɗakin haya. Bakin wuƙar na shiga sai na ji tsuuu da wani wari mai zaƙi-zaƙi, hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta tashi duk benen, maƙwabta suka fito da kayan barci. Allah ya tsare ban ƙone ba, amma kafet ya samu rami kamar faɗin tafin hannu. Mai gidan bai yi min faɗa ba, hoto kawai ya ɗauka, ranar da zan tashi ya zare kuɗin daga ajiyar da na ba shi, na yi ta aika wasiƙu a banza tunda da hannuna na sa a takardar haya.

To ɗan'uwa, shanye cajin ya koma ƙasa da kashi 25, kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja. Yi aikin a kan tebur ko tayil, taga a buɗe. Fara cire kan wayar batirin, shi za ka kama, kar ka ja wayoyin. Wurin ɓanɓarar batirin abin roba za ka sa, ko tsohon katin banki, ban da ƙarfe, kar ka lanƙwasa batirin. Sukurorin ba tsayinsu ɗaya ba, jera su yadda ka cire, dogo a ramin gajere yana iya huda sabon. In ya kumbura sosai kuma manne yake, haƙura ka kai wa masu gyara.

Tsohon kuma ban da kwandon shara, batirin lithium na tada gobara a motar kwasar shara. Liƙe bakinsa da salatif ka kai wurin da ake karɓar tsofaffin batura. Masu cewa a taho musu da batir a jirgi, a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin awo ba, in ƙarfinsa ya wuce 100Wh (Wh ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne) sai da izinin kamfanin jirgin, kumburarre kuwa ba ya shiga sam.