Kurakuran da aka fi yi wajen farfaɗo da tsohon keken tsere na ƙarfe

Kekunan tsere na ƙarfe waɗanda aka ƙera a Ingila da Faransa da Italiya da Japan daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980 suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, kuma matasa da dama sun fara sayensu domin su gyara su hau. Wannan abin farin ciki ne, sai dai na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya ana maimaita ta. Keken da ya shekara arba'in a jingine babu abin da ya same shi illa ƙura da 'yar tsatsa, sai ya lalace cikin mako guda a hannun mai son raya shi. Tushen matsalar shi ne ana ɗaukarsa tamkar keken dako mai birkin sanda, irin Raleigh da Phoenix da muka tashi muka gani, wanda yake jure guduma da walda. Keken tsere ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu, kuma kusan kowane sashe nasa yana da awon da ya danganta da ƙasar da aka ƙera shi.

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yinsa, lokacin da ido ya tafi ga fenti da sunan kamfani. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututu biyun da suka haɗu da wuyan keken, dab da mahaɗarsu. Idan aka ji ƙarfen ya yi tudu ko fentin ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma galibi za a tarar fok ɗin, wato ƙarfen da yake riƙe ƙafar gaba, ya koma baya. Irin wannan firam ba na sayensa komai arharsa. Haka kuma kada a biya kuɗi sai an sassauta noti an ga sandar sirdi tana juyawa.

Babban abin da ya fi kashe waɗannan kekuna shi ne tiredi, wato haƙoran da ake murɗa kofunan boris a kansu a cibiyar keken, inda sandar feda take juyawa. Mutane suna zaton duk kofi kofi ne, alhali akwai tsari aƙalla biyar. Na Ingila, wanda yawancin kekunan Japan ma suke bi, faɗinsa inci 1.37 ne da haƙori 24 a kowane inci, gidan kofin milimita 68, kuma kofin ɓangaren sarƙa tiredin hagu gare shi, ma'ana ana kwance shi ne ta hanyar da hannun agogo yake bi. Na Italiya milimita 36 ne, gidansa milimita 70, kofunan biyu duk tiredin dama. Na Faransa milimita 35 ne da tazarar milimita 1 tsakanin haƙora, shi ma duka dama. Na Suwizalan awonsa ɗaya da na Faransa amma kofin ɓangaren sarƙa na hagu ne, kuma ana samunsa a wasu kekunan Faransa na wajen 1980. Sannan Raleigh ta daɗe tana amfani da nata tsarin mai haƙori 26 a kekunan da ta ƙera a Nottingham.

Haɗarin yana tsakanin na Ingila da na Faransa, domin inci 1.37 milimita 34.8 ne, bambancin bai kai ido ya gani ba. Kofin Ingila zai shiga gidan Faransa cikin sauƙi, ya yi zagaye biyu ko uku, sannan ya cije. A daidai wannan cijewar ce mai hankali yake tsayawa, mai gaggawa kuma yake neman dogon bututu ya zura a sifana. Na rasa firam ɗin Peugeot mai kyau ta wannan hanya. Na bar shi wurin wani mai gyara domin ya wanke boris kawai, sai ya ga tsofaffin kofunan sun yi baƙi, ya jefar da su ba tare da ya tambaye ni ba, ya sayo sababbi a kasuwa, ya danna na ɓangaren hagu da ƙarfin tsiya har ya shige. Da ya zo ɓangaren sarƙa, inda sabon kofin yake na hagu gidan kuma na dama, sai ya haɗa da guduma. Lokacin da na leƙa cikin gidan, haƙoran sun zama garin ƙarfe mai ƙyalli gauraye da giris, shi kuma yana gaya mini cewa keken ne ya tsufa. Keken bai tsufa ba, rashin karanta abin da aka rubuta a jikin kofi ne ya kashe shi, domin a yawancin kofuna an buga awon ƙarara, 35 x 1 ko 36 x 24 ko 1.37 x 24, babu abin da ake buƙata sai a goge dattin a duba.

Ƙa'idata tun daga nan ita ce kowane abu mai tiredi da yatsu nake fara murɗa shi, kuma idan bai shiga rabi da yatsu ba, ba na ɗora masa sifana. Ba na jefar da ko da wasa guda da na cire daga tsohon keke har sai aikin ya ƙare an hau. Kofin ɓangaren sarƙa kuwa ba na ma cire shi idan cikinsa bai rarake ba, a wurinsa nake wanke shi da kananzir da tsumma. Akwai makanikan da ba su yarda da wannan ba, amma ban ga amfanin tayar da abin da ya zauna daram tun daga masana'anta ba, musamman a keken Faransa ko Italiya inda wannan kofin yake son kwance kansa idan ba a ɗaure shi tamau ba. Wanda tiredinsa ya riga ya cinye, mafita biyu ce ta rage masa, ko a fafe gidan a yanka masa tiredin Italiya tunda ya fi faɗi, ko a nemi irin sandar feda da take kama gidan ba tare da tiredi ba. Dukansu ba a samunsu a bakin titi.

Wannan bambanci bai tsaya a cibiya ba. Fedar hagu a kowane keke tiredin hagu ce. Fedar tsohon keken Faransa milimita 14 ce, ta sauran ƙasashe inci 9/16. Sandar da take riƙe hannun keke ta shiga cikin fok milimita 22.2 ce a yawancin kekuna, a na Faransa kuwa 22.0. Abin cire hannun feda da aka saba da shi milimita 22 ne, amma na hannun fedar kamfanin TA 23 ne, na tsohon hannun fedar kamfanin Stronglight kuma 23.35, kuma wanda ya sa ƙarami a babban rami zai zare haƙoran alminiyam ɗin ya bar hannun fedar a maƙale. Ma'aunin kalifa, wato abin auna faɗi da kaurin ƙarfe, shi ne ya kamata a fara saya kafin sifana.

Wani abin kuma da yake ɓata mini rai shi ne yadda ake yi da sandar sirdin da ta maƙale. Sandar alminiyam idan ta daɗe cikin bututun ƙarfe babu giris, danshi yana sa ta yi wani farin gari wanda yake kumbura ya cika tsakaninsu. Mai keke zai murɗa sirdi har ƙarafan sirdin su lanƙwashe, sannan ya zura sukudireba ya buɗe kunnuwan firam ɗin har ɗaya ya tsage, daga nan ya ɗauka sai wurin mai walda a hura masa wuta. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka wutar ƙara matse sandar take yi muddin da zafi, ga fenti ya ƙone, ga mahaɗar bututun da aka liƙa da tagulla ta sha wutar da ba ta nema ba.

Ga yadda nake yi. Ina cire sandar feda, in kifa firam ɗin, in zuba man da yake ratsa tsatsa ta cikin cibiya domin ya gangara ya kwanta a gindin sandar, in bar shi kwanaki ina ƙarawa. Bayan haka sai in damƙe kan sandar a bais, in riƙe firam ɗin da hannu biyu in riƙa juya shi kaɗan kaɗan dama da hagu. Idan aka ji wata ƙara mai kaifi, alama ce ta saki. Idan ta ƙi, ina yanke sandar in bar kamar santimita 3 a waje, in zura tsinin zarto cikin raminta in tsaga ta a tsaye a wuri biyu, ina tsayawa ina haskawa domin kada zarton ya taɓa firam, sannan in matse ta da filaya ta naɗe ta fito. Aikin yana cin yini kuma hannu yana yin kanta, amma keken yana tsira. Wasu suna narkar da sandar da kostik sodar da ake yin sabulu da ita, tunda tana cin alminiyam ba ta cin ƙarfe. Tana aiki, amma tana tafasa, tana fitar da iska mai kama wuta, tana cin fata, kuma ɗigonta a ido yana iya makantarwa, don haka ba na ba sabon shiga shawarar ya taɓa ta. Idan sandar ta fito, a auna ramin kafin a sayi wata. Firam ɗin Ingila da aka ƙera da bututun Reynolds 531 mai kauri biyu, wato mai kauri a bakuna da siranta a tsakiya, da na bututun Columbus SL galibi milimita 27.2 suke ɗauka, na Faransa yawanci 26.4 ko 26.6, masu arha kuma ƙasa da haka. Sa ƙarama a ɗaure noti har kunnuwa su haɗu ɓarna ce, kuma a shafa giris kafin a mayar.

Maganar walda kuwa a taƙaice take: wutar lantarki ba ta kusantar wannan firam. Reynolds 531, wanda kamfanin ya fito da shi a Birmingham a 1935, da bututun Columbus na Milan, da yawa daga cikinsu an yi su ne da kauri a bakuna da siranta a tsakiya, kuma tsakiyar Columbus SL milimita 0.6 ce, ba ta kai kaurin katin banki ba. Sandar walda tana taɓawa take hudawa. An haɗa bututun ne da narkakkiyar tagulla ko azurfa a cikin mahaɗai, kuma idan wani ɗan kunne ya ɓalle, mai aikin wutar gas irin masu gyaran lagireto da firji ya fi mai ƙera ƙofa kusa da sanin abin yi. Tsagewa a tsakiyar bututu kuwa sai dai a canza bututun ɗungurungum.

Sai fenti. Saurayi zai sayi keke da fentinsa na asali da tambarinsa, ya kai shi a kankare da giranda a fesa masa ja mai walƙiya, ya dawo yana murna, bai san ya kankare rabin darajar keken ba, wani lokaci har da kaurin bututun. A fara wankewa da sabulu, a goge da man goge mota, a ga abin da ya fito. Tsatsar sama a kan kurom tana fita da takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa. Inda fenti ya ɓare a kankare tsatsar wurin kaɗai da samfefa mai laushi a ɗiga fenti. Idan sabon fenti ya zama dole, a ɗauki hoton kowane tambari da lambar firam tukuna, a kuma toshe duk ramin da yake da tiredi. Cikin bututun ma yana son kulawa, ni ina zuba ɗan mai in jujjuya firam ɗin in tsiyaye.

Taya tana rikita mutane saboda sunayen inci ƙarya suke yi. Abin dogaro shi ne lambar da take gefen tayar, kamar 32-630 ko 25-622. Ƙafar inci 27 milimita 630 ce, ta 700C 622, ta keken dako mai 28 x 1 1/2 kuwa 635, kuma babu wadda take hawa rim ɗin wata. Wanda ya canza ƙafa daga 630 zuwa 622 ya tabbatar robar birki za ta iya sauka milimita 4. Tsohon rim marar ƙugiya a leɓensa ba ya riƙe iska mai yawa, kada a cika shi kamar na zamani. Tazarar bayan firam milimita 120 ce a mai giya 5, 126 a mai 6 ko 7, ƙafar zamani kuma 130 take so. Ana iya buɗe ƙarfe a hankali, ɓangare ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa da zare daga wuya zuwa baya, amma ban da firam ɗin bututun Reynolds 753.

Sauran ƙananan kurakurai ba sa buƙatar dogon bayani. Baƙin man mota ba giris ba ne. Ƙwallayen boris a canza su duka lokaci guda, 11 masu inci 1/4 a kowane gefen cibiya, 9 irinsu a kowane gefen ƙafar baya, 10 masu 3/16 a yawancin ƙafafun gaba. Ƙafar da ake ɗaurewa da maɗauri mai hannu a bar mata ɗan wasa, domin maɗaurin zai cinye shi. Kada a ɗaga sandar hannu ko ta sirdi ta wuce layin da aka zana mata. Giyar roba ta kamfanin Simplex da sandar hannu ta kamfanin AVA a duba su da kyau, an san su da tsagewa. Mai da yawa a sarƙa ƙura yake tarawa, balle a lokacin hunturu, a ɗiga kaɗan a goge saura. Wayar birki da robarsa kuwa ba a tattalinsu komai kyan da suka yi a ido, domin roba mai shekara talatin ta bushe ba ta kama rim, kuma a rim ɗin ƙarfe mai kurom ko sabuwar roba ba ta kamawa sosai idan ruwa ya taɓa shi. A sa sababbi, a matse birkin da dukan ƙarfin hannu a tsaye a ga ko wayar za ta zame, sannan a fita titi.