Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Makarantar Sakandare

Wasan da za a nuna ranar rabon kyaututtuka ko bikin yaye ɗalibai yana bukatar shirin mako goma. Zangon karatu kuwa da wuya ya wuce mako 13, don haka da an dawo hutu ake farawa. 'Yan SS1 da SS2 ne ya kamata su riƙe manyan gurabe, domin a zango na uku jarrabawar WAEC da NECO kan ɗauke 'yan SS3 daidai lokacin da ake nemansu.

Mako na 1 da na 2: labari da izini

Wasan kada ya wuce awa ɗaya. Shafi guda na rubutu yakan ci kusan minti ɗaya da rabi a dandamali, ke nan shafi 30 da waƙoƙi biyar masu minti uku-uku sun cika awar. Wuraren da labarin ke faruwa su tsaya a uku, misali tsakar gida da kasuwa da fada, saboda duk sauya kayan dandamali yana cin minti biyu, kuma a nan ne 'yan kallo ke ɓarkewa da hira.

Shugaban makaranta ya karanta rubutun tun yanzu. Iyaye kuma a aika musu takarda mai ɗauke da ranakun gwaji, lokacin tashi, da irin tufafin da za a sa. A makarantar da ke haɗe da maza da mata, a faɗa musu ƙarara wa zai fito mijin wa, kuma ba taɓa juna. Uban da ya ji labari a bakin maƙwabta shi ne ke cire 'yarsa ana saura kwana uku. A makarantar maza zalla ba matsala yaro ya ɗaura zane ya fito a mace, an saba ganin haka a tashe.

Waƙoƙin

Nan ne aikin yake. Kowace waƙa sai ta ɗauki wani nauyi a labarin: ta gabatar da gari, ta fito da abin da ke cin zuciyar jaruma, ko ta tsallake da mu shekara biyar. A cire ta a gani. In labarin bai yi ɗingishi ba, ba a bukatarta.

A gina su kan tsarin jagora da 'yan amshi, irin na waƙoƙin gaɗa da na tashe. Amshi ya zama layi ɗaya ko biyu, yara ashirin za su riƙe shi a zama guda, kuma in jagora ya manta baiti, amshin zai rufa masa asiri har ya tuno. A fara samun karin waƙar sannan a ɗora kalmomi, ana rerawa ana gyarawa. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. In aka cusa baiti cikin karin da ba nasa ba, kalmomin sukan karye, mai sauraro ya kasa gane abin da ake faɗa.

Kada a ɗauko salon finafinai, inda ake naɗar waƙa a situdiyo jarumi yana motsa baki. A dandamali wuta na ɗaukewa waƙar ta mutu, yaro ya tsaya baki buɗe. Ko wutar ba ta ɗauke ba, an hana shi abin da ya zo koyo: riƙe numfashi, sauraron na kusa da shi, da fitar da murya gaban jama'a. Muryar yaro da ɗan rawarta ta fi daɗi a kunnen iyayensa fiye da muryar wani da aka goge da kwamfuta.

A ɗauki waƙar daidai inda mai ƙaramar murya zai iya kaiwa. Samari masu shekara 13 zuwa 15 muryarsu na buɗewa, wanda ya kai sama a watan nan yana iya kasawa a wata mai zuwa, don haka a ba su baitocin ƙasa. Kalangu ɗaya, ƙwarya biyu da tafi sun isa kiɗa. 'Yan mata na iya ƙarawa da shantu.

Mako na 3: zaɓen 'yan wasa

A fita fili. Malami ya ja baya mita 15, kowane ɗalibi ya karanta layi huɗu ya rera amshi ɗaya. Wanda aka ji shi daga nan, za a ji shi ranar wasa. Ana bukatar masu magana 10 zuwa 12, 'yan amshi 15 zuwa 20, da madadi ga manyan gurabe uku, domin zazzaɓi ba ya sallama.

Kada a tsaya kan masu surutun aji kaɗai. Sau da yawa yarinyar da ba ta ɗaga hannu ita ce ke riƙe gurbinta da kyau, kuma wasu masu in'ina ba sa yin ta idan suna rera waƙa. Waɗanda ba su son fitowa su ma da aikinsu: mai kula da dandamali, mai tuni da ke zaune gefe riƙe da rubutun, masu tufafi, masu kayan wasa.

Mako na 4 zuwa na 9: gwaji

Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi, bayan la'asar, a tashi kafin magariba. A shata girman dandamalin a ƙasa da toka ko alli. Mako biyun farko na waƙoƙi ne da sanin inda kowa zai tsaya. Makaɗi ya shigo tun mako na 5. In ya zo a makare, zai ja waƙar da saurinsa, yara su rikice. Mako na 6 a ajiye takarda, ba sassauci. Na 7 da na 8 a haɗa fitowa da fitowa, na 9 a yi wasan daga farko har ƙarshe da tufafi, ana duba agogo.

Kurakuran kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yara kan juya wa 'yan kallo baya, ko su jeru kamar a taron safe, ko su yi ta zuba magana da gudu saboda fargaba. Sukan kuma ci gaba da magana ana tsakar dariya, layin ya ɓace. A koya musu su dakata har dariyar ta fara lafawa. Malamin Hausa ya yi amfani da damar: wasan kwaikwayo na cikin adabin da ake tambaya a jarrabawa, kuma wanda ya taka fitowa da ƙafarsa ba ya bukatar haddar ma'anarta.

Mako na 10: dandamali da sauti

Tsawon mita 6, faɗin mita 4, tudun santimita 60 ya wadatar. Kada a jera teburan aji a ce an yi dandamali; yara ashirin na buga ƙafa, sai su rabu. Kafinta ya haɗa katako, ko a yi a ƙasa 'yan kallo su zauna rabin da'ira. In da yamma ne, 'yan kallo su fuskanci gabas, rana ta zama a bayansu.

Lasifika ta kasance gaban makirfo tana fuskantar jama'a. Makirfo na shiga gabanta sai ta yi kuka. Makaɗa su zauna gefe ba makirfo, in ba haka ba kalangu zai danne muryoyi. Janareta a kai shi nesa kamar mita 30, bayan gini, a cika masa mai, a sa sabon batir a kowane makirfo. Da hunturu a yayyafa wa filin ruwa, a ba mawaƙa ruwan ɗumi; da damina a tanadi zauren taro.

Gwajin ƙarshe a yi shi ana saura kwana biyu, a daidai sa'ar da za a yi wasan, 'yan JSS su zama 'yan kallo. Jajibiri a bar muryoyi su huta. Duk abin da aka aro, daga tabarma zuwa rawani, a rubuta shi da sunan mai shi, a mayar washegarin wasa.