An ƙara kuɗin ruwa a garinku? Ga yadda ake bin abun ba tare da an yi faɗa ba

Mu a garinmu nan Jigawa ba wata takarda da aka kawo, ranar Juma'a ce bayan an sallame liman ya ce jama'a a ɗan tsaya akwai sanarwa, wai daga watan gobe kuɗin famfo ya ƙaru. Kafin a gama saka takalmi an fara hayaniya, wannan yana cewa cuta ce wancan yana cewa wallahi shi ba zai biya ba, har da ni a masu ɗaga murya. Abun da muka koya daga baya shi zan faɗa muku.

Da farko ku gano wa ya yi ƙarin, don ba duk famfo ne na hukuma ɗaya ba. A Jigawa manyan garuruwa irin su Dutse, Haɗeja, Gumel da Kazaure suna hannun hukumar ruwa ta jiha, ƙananan garuruwa kuma akwai hukumar STOWA, ƙauyuka akwai hukumar RUWASA masu harkar burtsatse da tuƙa-tuƙa. Amma a gari da yawa kuɗin wata ba gwamnati ke karɓa ba, kwamitin gari ne, ƴan uwanku ne da kuke sallah sahu ɗaya. Kaga in ka ɗauki fushi ka tafi sakatariya alhali mai littafin yana bayan gidanka, kuɗin mashin kawai ka ɓata.

Sai lissafi, kuma nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Sati ɗaya cur ka sa uwargida ko babban yaro su dinga ƙirga jarka nawa gidan yake shanyewa a rana, har da wanki da na dabbobi. Jarkar ƴan garuwa lita 25 ce. Mu ce gidanka jarka 8 kullum, lita 200 kenan, a wata jarka 240. In a ce ɗan garuwa yana ba ka ɗaya a naira 100, to ka ga 24,000 a wata, sai ka ajiye wannan kusa da sabon kuɗin famfo ka duba. Amma kar ka tsaya nan, ka ƙirga kwana nawa ruwan yake zuwa da gaske. Wanda yake biyan 3,000 a wata ruwa ya zo masa kwana 10 kacal, 300 yake biya duk ranar ruwa, sauran kwana 20 kuma yana bin kurar ƴan garuwa a layi. Wannan ita ce hujjarka. Ka samu tsohon kalanda ka rataye a zaure, duk ranar da famfo ya kawo ka ja layi, in da hali gida biyar ko shida a unguwanni daban daban su yi haka, saboda na gangare da na kan tudu ba ruwa ɗaya suke samu ba ko kusa.

Gaskiya ɗaya dai, tsadar ba ƙarya ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai da ke tafiya da inji ya tashi, shi gas dama tuni yake da tsada, wutar KEDCO kuwa a ƙauye ba a ɗora mata tukunya. Ruwan yana ƙarƙashin ƙasa sai inji ya turo shi tanki, ga mai gadi ga mai kunna inji ga gyara in sumo, wato injin da ke cikin burtsatse, ya ƙone. Duk wanda ya je taro yana cewa a mayar da kuɗi yadda yake shekara biyar baya, dariya za a yi masa. Abun tambaya shi ne ƙarin ya yi daidai da abun da ake kashewa ko akwai rami a tsakiya.

Don haka ku nemi a buɗe littafi, amma ta hanya. Mutum huɗu ko biyar sun isa, a samu dattijo ɗaya, malamin makaranta mai iya lissafi, da mace ko da ɗaya ce don su ne suka san zafin rashin ruwa. Ku fara da mai unguwa shi zai kai ku gaban dagaci. Kar a shiga da kalmar sata. Dattijonmu cewa ya yi, ranka ya daɗe ba ƙin biya muka zo yi ba, so muke mu san abun da za mu faɗa wa iyalanmu. Sai tambayoyi: gida nawa ne a littafi, nawa ne suke biya, lita nawa inji yake sha a awa, awa nawa ake kunnawa a rana.

A wurinmu nan asiri ya tonu, ba ma satar ba ce. Gidaje da yawa sun ja layin famfo da daddare ba sa cikin littafi, wasu manya kuma an ji nauyin tambayarsu shekara da shekaru, ga mai buga bulo yana biyan daidai da tsohuwar da ke zaune ita da jikarta. Ga kuma bututu da ya fashe a bayan makarantar allo har ciyawa ta fito kore shar a tsakiyar rani, awaki na kiwo a wurin, kowa na wucewa yana gani. Wato mu masu biya mu ke ɗauke da kowa.

In kun gano irin wannan, ku zo da abun da kuke so a rubuce. A raba kuɗi kashi kashi, na gida daban, na masu bulo da wankin mota da masu sayar wa ƴan garuwa daban. A yi ƙarin a hankali, kuma a bari sai kaka lokacin da gero da riɗi suka shigo hannu, ba tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa ba. Ranar da inji ya kwana a lalace a rage. Maganar sola ma ku tayar, saye ne mai nauyi amma ba ta shan mai, kansila da ɗan majalisarku za ku bi da wasiƙa mai sa hannun dagaci, ku riƙe kwafi.

In hukuma ce ta yi ƙarin, wasiƙar dai za ku rubuta zuwa ga manajan yankinku, ku haɗa da kalandarku, wanda ya karɓa ya buga hatimi a kwafinku. Rediyo sai in an yi shiru an ƙyale ku, kar ku fara da ita.

Kuma dan Allah kar ka daina biya kai kaɗai don fushi, yanke maka layi za a yi ka biya kuɗin mayarwa. Ka biya, ka karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu, ba takardar da aka yago daga littafin ɗan firamare ba. Ni nawa a cikin gwangwanin Bournvita nake tarawa, saman kwaba inda yara ba sa kaiwa.