Yadda nake nuna wa yara cewa ƙwayar halitta ba ta rabuwa gida biyu in tana jin yunwa

Duk Asabar nake tara yaran layinmu a Agege masu shirin WAEC, kuma darasin rabuwar ƙwayar halitta shi ya fi ba su wuya. Na gaji da zane a allo, na koma roƙon yis, ƙwayoyin halittar da ke sa burodi ya kumbura, a gidan burodin da ke bayanmu.

Samo gorunan ruwa uku, ka zuba wa kowace ruwa rabi, mai ɗumin wankan jariri. Na taɓa zuba tafasasshe, yis ya mutu, yara suka samu abin dariya. Sa ƙaramin cokali ɗaya na yis a kowace. Ta farko ka bar ta haka, ta biyu ka ƙara sukari cokali biyu, ta uku sukari da ɗan ruwan dafaffen wake, tatacce, wanda ya huce. Sai ka rufe bakunansu da balan-balan.

Kafin awa guda na biyu da na uku sun kumbura. Nan yara ke ruɗewa, su ce yis ya haihu. A'a, iskar nan shaidar ci ce kawai. Sukari ƙarfi yake bayarwa, amma sabon DNA da furotin ba sa ginuwa sai da naitirojin, amfanin ruwan waken ke nan. Washegari ka ɗiga kowanne a ƙarƙashin maikuroskof, ni ma aro nake yi. A ta uku za ka fi ganin ƙwayoyi masu ɗan tsiro a gefe, kamar uwa da goyo, alamar rabuwa ke nan.

In abinci ya wadata, yis kan ninka cikin kamar minti 90. In babu, sai ya ja birki a matakin G1, wato matakin girma kafin ƙwaya ta fara kwafar DNA ɗinta, kamar magidancin da ke leƙa rumbu kafin ya ƙara aure. Leland Hartwell ne ya gano wannan shingen a jikin yis, ya samu kyautar Nobel a 2001 tare da Paul Nurse da Tim Hunt. Da ƙwayar ta tsallake shingen kuwa, rabuwar ce ke riƙe akalar ci: a fasa sukarin da aka adana, a ƙara ƙera tubalan DNA.

Wata yarinya ta ce, "Malam, to ciwon daji fa?" Na ce mata tun shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin daji suna zuƙar sukarin gulukos fiye da ƙima, kuma da wannan haɗamar hoton PET, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ke tona inda suke.